AWON JIN HAƘORI A BAKIN BALIGI LAFIYAYYE: HANYOYINSA DA MATSALOLINSA

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa kurɓar ruwan randa da sassafe a cikin hunturu, ko kuwa ya ci karo da tsakuwa yana tsakiyar cin shinkafa, ba ya bukatar a gaya masa cewa haƙori yana ji. Amma sanin cewa abu yana ji daban ne, iya faɗin yawan jin nasa kuma daban ne. Mai sayar da hatsi yana da mudunsa, mahauci yana da sikelinsa. To, likitan da ya dubi bakin mutum ya ce wannan haƙori ya cika ji, wancan kuwa ya daina ji, da wane mudu ya auna? Wannan tambaya ita ce ta haifar da wannan takarda.

Amsar tambayar tana da muhimmanci ƙwarai, domin bisa abin da haƙori ya nuna ne likita yakan yanke shawarar ya huda shi ya kwashe abin da ke cikinsa, ko kuwa ya ƙyale shi. In awon ya kuskure, ana iya kashe haƙori mai rai, ko kuma a bar mataccen haƙori a baki har ya tara mugunya. Har wa yau, da irin wannan awo ne ake jarraba man goge bakin da ake talla da cewa yana hana haƙori ciwo idan an sha abu mai sanyi.

A cikin takardar za a fara da bayyana ma'anar jin haƙori da ƙirar haƙorin kansa. Daga nan sai a dubi hanyoyin da masana ke bi wajen awo, da abin da suka samu a bakin baligai masu lafiya. A ƙarshe za a nuna cewa lambar da aka samu a irin wannan awo ba ta da ma'ana sai an faɗi abu uku: abin da aka tsokani haƙorin da shi, da mizanin da aka ɗora amsar a kansa, da kuma lafiyayyen haƙorin da aka yi kwatanci da shi.

2.0 MA'ANAR JIN HAƘORI

Kalmar "ji" tana da faɗi a Hausa. Da ita muke jin magana, da ita muke jin ƙamshi, da ita kuma muke jin yunwa da sanyi da ciwo. Saboda haka ya zama wajibi tun farko a tantance wane irin ji ake nufi. Ana iya kasa jin haƙori gida uku, kamar haka:

(a) Jin ɓargo. Wannan shi ne amsar da jijiyoyin da ke can tsakiyar haƙori suke bayarwa idan an tsokane su da sanyi ko ɗumi ko lantarki. Shi likita ke nema idan yana son ya san ko haƙori yana da rai.

(b) Jin ƙashin haƙori da ya fito fili. Holland da abokan aikinsa (1997) sun bayyana shi da cewa gajeren ciwo ne mai kaifi, wanda ke tashi daga ƙashin haƙorin da ya rasa rufinsa idan sanyi ko iska ko taɓi ko zaƙi ko tsami ya same shi, alhali kuwa babu wata cutar haƙori da za a jingina ciwon a kanta.

(c) Jin taɓi. Wannan ba ciwo ba ne. Shi ne yake sa mutum ya san ƙarfin cizonsa, ya kuma gane ƙwayar yashi a cikin fura.

Akwai kuma kalma ɗaya da ya kamata a yi hattara da ita, watau "jijiya". Bahaushe yana kiran hanyar jini jijiya, yana kuma kiran zaren da ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwa jijiya. A wannan takarda za a riƙa cewa "jijiyar jini" da "jijiyar ji", domin kamar yadda za a gani nan gaba, babban raunin awon haƙori yana tsakanin waɗannan biyun ne.

3.0 ƘIRAR HAƘORI DA HANYAR DA JI KE BI

Baligi yana da haƙora 32 in duk sun fito, kuma kowannensu hawa-hawa yake. A waje akwai farin ɓawo, wanda likitoci ke kira inamel. Shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne, kaurinsa yakan kai milimita 2.5 a kan tsinin turame, kuma ba shi da jijiyar ji ko ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori, watau dentin. A can tsakiya kuwa akwai ɓargo, inda jijiyoyin jini da jijiyoyin ji suke zaune. Sa'an nan saiwar haƙori tana ɗaure a cikin muƙamuƙi da wasu ƙananan zarurruka, waɗanda a cikinsu ne jin taɓi yake.

Ƙashin haƙori ba toshe yake ba. Cike yake da siraran kafofi masu ɗauke da ruwa, waɗanda suka taso daga ɓargo suka nufi waje. Garberoglio da Brännström (1976) sun ƙirga kimanin kafa 45,000 a kowace murabba'in milimita kusa da ɓargo, da kimanin 20,000 kusa da ɓawo. Tun a shekarar 1900 Alfred Gysi ya kawo shawarar cewa motsin ruwan nan ne ke jawo ciwo, amma Martin Brännström na ƙasar Suwidin shi ne ya kafa hujjar haka da gwaje-gwaje daga shekarun 1960. Bayaninsa shi ne, sanyi ko iska ko zaƙi yakan sa ruwan cikin kafofin ya zabura, galibi zuwa waje, wannan zabura kuwa ita ke taɓa jijiyoyin da ke bakin ɓargo. Absi da Addy da Adams (1987) sun duba haƙora da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, suka tarar haƙoran da suka cika ji suna da buɗaɗɗun kafofi kusan ninki 8 na waɗanda ba su da wannan matsala, faɗin kafofin kuma ya kusan ninki biyu. Masu ilimin kimiyyar ruwa sun san cewa idan faɗin bututu ya ninka biyu, ruwan da ke ratsa shi yakan ninka 16. Ke nan ɗan ƙaramin canji a bakin kafa yana iya zama babban canji wajen ciwo.

Jijiyoyin ji na ɓargo iri biyu ne manya. Akwai masu sauri, waɗanda ake yi wa laƙabi da A-delta, su ne ke kawo ciwo mai kaifi kamar sukar allura, wanda ke zuwa nan take ya wuce nan take. Akwai kuma masu nawa, waɗanda ake kira C, saƙonsu ba ya wuce mita 2 a daƙiƙa, su ne ke kawo zugi mai daɗewa irin na haƙorin da ya ruɓe. A shekarar 2021, masu bincike ƙarƙashin jagorancin Katharina Zimmermann a ƙasar Jamus sun ƙara wani bayani, inda suka nuna cewa ƙwayoyin halittar da ke gina ƙashin haƙori suna da wata 'yar ƙofa mai suna TRPC5 wadda ke gane sanyi da kanta, kuma sinadarin da ke cikin man kanumfari yana toshe ta. Wannan ya haskaka dalilin da ya sa mutane da yawa, har da Hausawa, suka daɗe suna cusa kanumfari a haƙori mai ciwo.

4.0 DALILIN AUNA MAI LAFIYA

Mai sauraro yana iya tambaya, me ya kai masana ga auna wanda ba ya ciwo? Amsar ita ce, ba a gane abin da ya wuce kima sai an san kimar. Babu wata lamba guda da za a ce ita ce jin haƙorin kowa da kowa. Haƙorin gaba ya fi turmi saurin amsawa, domin ɓawonsa ya fi siranta. Haƙorin saurayi ya fi na dattijo saurin amsa sanyi, domin muddin mutum yana raye ƙashin haƙorinsa yana ƙara kauri ta ciki, ɗakin ɓargo yana ƙanƙancewa, kafofi kuma suna cushewa. Haƙorin yaro wanda saiwarsa ba ta gama ƙosawa ba kuwa yakan ƙi amsa lantarki ko da lafiyarsa ƙalau, shi ya sa ake ware baligai daban wajen wannan aiki.

Misali mai kyau na irin wannan aiki ya zo daga awon jin fata. Rolke da abokan aikinsa (2006) sun auna mutum 180 masu lafiya a ƙasar Jamus, suka nuna cewa ji yana sauyawa bisa ga shekaru da jinsi da sashen jikin da aka taɓa, suka kuma nuna cewa kwatanta dama da hagu a jikin mutum guda ya fi saurin tona matsala a kan kwatanta shi da jadawalin jama'a. Wannan ita ce ƙa'idar da likitan haƙori ke bi. Kafin ya gwada haƙorin da ake zargi, yakan fara gwada maƙwabcinsa da takwaransa na ɗaya gefen, domin mai haƙorin ya san irin abin da zai ji, shi kuma likita ya san kimar wannan bakin.

Zaɓen "lafiyayye" shi kansa aiki ne. Akan cire haƙorin da ya ruɓe ko ya tsage, da wanda aka yi wa babban ciko, da wanda aka rufe da ƙarfe irin haƙorin Makka, domin ƙarfe yakan karkatar da lantarki zuwa dasashi. Akan cire mai ciwon dasashi, da wanda ya sha maganin kashe ciwo kwanan nan, da mai amfani da man goge baki na rage ji, da wanda aka yi wa wankin farar da haƙori. Wajibi ne kuma a yi wa mutum cikakken bayani a sami yardarsa, kamar yadda Yarjejeniyar Halsinki ta 1964 ta tanada, tun da yake mai lafiya za a jawo wa ɗan ciwo ba don amfanin kansa ba.

5.0 HANYOYIN AWO

5.1 Sanyi da ɗumi

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Akan busar da haƙori, a ɗora masa abu mai sanyi na 'yan daƙiƙoƙi. Ƙanƙarar ruwa tana kan digiri 0 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma tana da aibin narkewa ta gangara kan dasashi ta rikita amsa. Saboda haka aka fi amfani da wani feshi da ake fesawa a kan auduga, mai sanyin kimanin digiri 26 ƙasa da sifiri, ko kuwa busasshiyar ƙanƙara mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifiri. Lafiyayyen haƙori yakan ji suka mai kaifi, wadda ke ɓacewa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan an janye audugar. In ciwon ya zarce daƙiƙa 30 yana zugi, alama ce ta kumburin ɓargo mai tsanani. In kuwa shiru aka ji, ana zargin ɓargon ya mutu.

Awon ɗumi ya fi haɗari, ya kuma fi rashin tabbas. Zach da Cohen (1965) sun nuna a jikin birai cewa ƙarin digiri 5.5 kacal a cikin ɓargo ya kashe kashi 15 cikin ɗari na haƙoran da aka gwada. Petersson da abokan aikinta (1999) kuwa sun kwatanta amsar gwaji da ainihin halin da ɓargon yake ciki. A cikin haƙoran da ɓargonsu yake da rai, sanyi ya gane kashi 93 cikin ɗari, lantarki ma haka, amma ɗumi kashi 41 kawai ya gane. Watau fiye da rabin haƙora masu rai sun yi shiru da aka ɗora musu abu mai ɗumi. Likitan da ya dogara da ɗumi shi kaɗai zai yi wa haƙora masu rai da yawa hukuncin mutuwa.

5.2 Lantarki

A nan akan busar da haƙori, a shafa ɗan man goge baki a bakin na'ura domin lantarki ya ratsa, a ɗora ta a gefen yankan haƙori, sa'an nan na'urar ta riƙa ƙara ƙarfi a hankali har mutum ya ɗaga hannu. Abin da yakan fara ji ba ciwo ba ne sosai, wani ɗan tsikari ne ko ɗumi-ɗumi, sai an ƙara ƙarfi yake zama ciwo. Wasu na'urorin suna nuna lamba daga 0 zuwa 80, kuma a nan ne ɗalibai sukan ruɗu. Haƙorin da ya amsa a kan 20 bai fi wanda ya amsa a kan 40 lafiya ba, domin kaurin ɓawo da wurin da aka ɗora na'ura da danshin haƙori duk suna sauya lambar. Abin da na'urar ke iya faɗa shi ne "ya amsa" ko "bai amsa ba".

Babban raunin sanyi da lantarki shi ne wanda aka yi nuni da shi a baya: jijiyar ji suke tambaya, alhali kuwa rayuwar ɓargo ta dogara ne a kan jijiyar jini. Haƙorin da ya bugu a haɗari yana iya yin makonni ko watanni ba ya amsawa, jini kuwa yana gudana a cikinsa, daga baya jinsa ya dawo. Don magance wannan ne Gazelius da abokan aikinsa (1986) suka fara auna gudun jini a cikin haƙori da hasken leza. Sai dai na'urar tana da tsada, tana kuma da wuyar sha'ani, saboda haka har yanzu sanyi da lantarki su ne kayan aikin yau da kullum.

5.3 Tsinke da iska

Waɗannan biyu su ne ake auna ƙashin haƙorin da ya fito fili da su, galibi a wuyan haƙori ta gefen kumatu, musamman a fiƙoƙi da ƙananan turame. Akwai tsinken ƙarfe mai suna Yeaple, wanda ake saita nauyin da zai danna da shi. Akan fara da giram 10, a ja shi a kan wuyan haƙori, a riƙa ƙara goma-goma har mutum ya ce ya ji ciwo. A nan ƙaramar lamba ita ce alamar yawan ji: wanda ya zabura a giram 10 ya fi wanda ya kai giram 50 matsala.

Iska kuwa akan hura ta ne daga bututun kujerar likita, na daƙiƙa ɗaya, daga nisan kimanin santimita ɗaya, bayan an kare haƙoran maƙwabta da yatsu ko auduga. Sa'an nan mai awo ya ba da maki bisa mizanin Schiff (1994): 0 in mutum bai amsa ba, 1 in ya amsa amma bai nemi a daina ba, 2 in ya amsa ya nemi a daina ko ya kau da kai, 3 in ya ce ciwo ne ya kuma nemi a daina. Ƙa'idojin 1997 da aka ambata a baya sun ba da shawarar a yi amfani da tsokana iri biyu aƙalla, a fara da mafi sauƙi, a kuma bar tazara tsakaninsu domin haƙori ya huta.

5.4 Taɓi

Awon taɓi iri biyu ne. A na farko, mutum yana zaune bai yi komai ba, a danna haƙorinsa a hankali har ya ce ya ji. Lafiyayyen haƙorin gaba yakan gane nauyin da bai wuce giram ɗaya ko biyu ba, turmi kuwa sai an kai wajen giram 8 zuwa 10. A na biyu, akan rufe wa mutum ido, a sa masa siririn fallen ƙarfe tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, ya ciza ya faɗi ko akwai abu ko babu. Baligi mai haƙoransa na halitta yakan gane falle mai kaurin kimanin maikiromita 20, watau kashi 20 cikin dubu na milimita ɗaya, wanda bai kai kaurin silin gashi ba. Mai haƙoran roba kuwa sai kaurin ya ninka wannan sau da yawa kafin ya gane, domin zarurrukan saiwa sun tafi tare da haƙoran da aka cire.

A wannan awo ne ake ganin tasirin Gustav Fechner, wanda tun 1860 ya shimfiɗa hanyoyin auna ji. Mafarin ji ba wani layi ne tsayayye ba. Mutum guda yana iya gane falle yanzu, ya kasa gane shi bayan minti ɗaya. Saboda haka akan maimaita gwaji sau da yawa, a ɗauki kaurin da mutum ya gane a rabin gwaje-gwajen a matsayin mafarin jinsa. Akan kuma sa gwajin wofi a tsakani, watau a ce ya ciza alhali ba a sa komai ba, domin a kama mai cewa "na ji" don ya faranta wa mai awo rai.

6.0 SAƁANIN ALƘALUMA

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk hanyoyin nan, ban da na hasken leza, suna ƙarewa ne a bakin mai haƙori, domin babu na'urar da ke jin ciwon wani. Ƙungiyar masana ciwo ta duniya, a ma'anar ciwo da ta sabunta a 2020, ta jaddada cewa ciwo abu ne na mai shi, kuma jiki da zuciya da zamantakewa duk suna da hannu a cikinsa. Don a mai da wannan abu lamba ne Huskisson (1974) ya yayata amfani da miƙaƙƙen layi mai tsawon milimita 100, farkonsa "babu ciwo", ƙarshensa "ciwo mafi tsanani", mutum ya sa alama inda ciwonsa ya tsaya, mai awo ya auna da rula.

Abin da wannan dogaro ke haifarwa ya fito fili a binciken West da abokan aikinta (2013). Sun auna matasa 3,187 'yan shekara 18 zuwa 35 a ƙasashen Turai bakwai, ciki har da Faransa da Italiya da Birtaniya. Da aka tambaye su a takarda, kashi 26.8 cikin ɗari ne suka ce haƙoransu suna damunsu. Da aka hura musu iska, kashi 41.9 suka ce sun ji ciwo. Da likitoci suka ba da maki bisa mizanin Schiff, kashi 56.8 suka sami maki 1 ko fiye a haƙori ɗaya aƙalla. Mutanen su ne dai, bakunansu ba su sake ba, amma mudu uku sun ba da amsa uku.

Ba sai an je Turai ba ma. A garin Ile-Ife, Bamise da abokan aikinsa (2007) sun duba baligai 2,165 da suka zo asibitin koyarwa, suka tabbatar da wannan matsala a kashi 1.34 cikin ɗari kawai. A wani binciken da aka buga a 2010 kuma, an rarraba wa ɗaliban jami'a takardar tambayoyi a wannan gari, sai kashi 68.4 suka ce haƙoransu suna yi musu irin wannan ciwo. Tazarar ta samo asali ne daga bambancin mutanen da na hanyar awo, domin mai cika takarda ba ya iya rarrabe ciwon buɗaɗɗun kafofi da na ruɓa ko tsagewa, likita kuwa yana cire waɗannan. Da Favaro Zeola da abokan aikinta (2019) suka tattara binciken duniya, sun tarar da alƙaluma daga kashi 1.3 har zuwa 92.1, kuma ƙiyasin da suka fi amincewa da shi shi ne kashi 11.5.

7.0 ABIN LURA GA MAI AWO A ƘASAR HAUSA

Na farko shi ne harshe. Kalmar "zafi" tana nufin ɗumi, tana kuma nufin ciwo. In mai awo ya ɗora abu mai ɗumi ya ce "Kana jin zafi?", amsar "i" ba ta raba gardama ba. Haka ma wanda ya ce haƙoransa sun mutu bayan ya sha tsamiya, ba mutuwar ɓargo yake nufi ba. Amma harshen yana da arzikin da zai taimaka in an tsara shi. "Suka" ta dace da gajeren ciwo mai kaifi na jijiyoyi masu sauri, "zugi" kuwa ya dace da dogon ciwon jijiyoyi masu nawa. Ya kamata masana harshe da likitoci su zauna su tsai da kalmomin tambaya, a riƙa karanta su iri ɗaya ga kowa. Layin milimita 100 ma yana bukatar lura, domin wanda ya saba da rubutun ajami yana iya ɗaukar hannun dama a matsayin farkon layi.

Na biyu shi ne dauriya. Bambancin maki 1 da maki 2 a mizanin Schiff ya rataya ne a kan ko mutum ya nemi a daina. Wanda aka rena a kan cewa nuna raki abin kunya ne zai cije ya sami 1 inda wani zai sami 2. Wannan ba halin wata al'umma ɗaya ba ne: Levine da De Simone (1991) sun nuna a Amurka cewa samari sukan rage faɗin ciwonsu idan mace ce ke awon. Maganinsa shi ne a bayyana wa mutum cewa ba jarumtarsa ake aunawa ba, a kuma rubuta ko namiji ne ya yi awon ko mace.

Na uku shi ne yanayi. An tsara awon iska ne a kan iska mai ɗumin wajen digiri 20. A Sakkwato ko Damagaram, inda zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, iskar da ke fitowa daga bututu ba za ta yi daidai da ta watan Janairu ba, kuma busasshiyar iskar hunturu ta fi saurin ƙafar da ruwa. Wajibi ne a auna ɗumin iskar a rubuta shi tare da sakamako.

Na huɗu shi ne abinci da tsaftar baki. Ɓawon haƙori yana fara narkewa idan tsami ya kai 5.5 ko ƙasa a ma'aunin pH, kuma tsamiya da zoɓo da lemun tsami da lemun kwalba duk sun fi haka tsami. Tsami yakan wanke siririn rufin da ke toshe bakin kafofi, gugar gawayi ko buroshi mai tauri kuma yakan cinye wuyan haƙori. Saboda haka a tambayi mutum abin da ya sha kafin ya zo, da abin da yake goge baki da shi, asuwaki ne ko buroshi. A kuma lissafa kanumfari a cikin magungunan kashe ciwo, domin mutum yana iya cewa bai sha magani ba alhali ya kwana da kanumfari a baki.

8.0 KAMMALAWA

A wannan takarda an yi ƙoƙarin nuna cewa jin haƙori iri uku ne, kowanne da hanyarsa da kayan awonsa, kuma lafiyayyen haƙori, musamman na cikin bakin mutumin da ake dubawa, shi ne mudun da ake auna sauran da shi. An kuma nuna cewa mutane guda suna iya ba da kashi 26.8 ko 56.8, gwargwadon yadda aka tambaye su. Saboda haka duk malamin da zai koyar da wannan darasi, ko ɗalibin da zai kawo alƙaluma a kundinsa, ya kamata ya fara tambaya: da me aka tsokani haƙorin, da wane mizani aka karɓi amsa, su wane ne aka auna? Ga kwalejojin ilimi kuwa, awon kaurin falle aiki ne marar ciwo, marar tsada, wanda ɗaliban kimiyyar halittu za su iya yi da tsabtatattun kayan aiki su koyi ma'anar mafarin ji da amfanin gwajin wofi. Aikin tsai da kalmomin ciwo a Hausa kuwa yana jiran malaman harshe da ke wannan zaure, kuma ana fata muhawarar da za ta biyo bayan wannan takarda ta fara daga kansa.